Adon Babban Gwani A Masallacin Juma'a Na Zariya

Ya ku 'yan makaranta, a wannan shafi mun saba auna littattafai da waƙoƙi, mu faɗi inda mai su ya gwaninta da inda ya gaza. Yau kuwa gini za mu auna. Kada wani ya ce ina ruwan masu karatu da aikin magina, domin magini mai tsari ne kamar mawaƙi. Wannan yana jera kalmomi bisa ma'auni, wancan yana jera ƙasa da itace bisa ma'auni, kowanensu kuma ya karya ƙa'ida aikinsa ya zube. Sai dai fa zubewar waƙa ba ta danne kowa.

Da yawa daga cikinku kun ga hoton dalar Masar a littafi, kun ga na majami'ar Bulus Mai Tsarki ta birnin Landan, har wasunku sun haddace sunan wanda ya tsara ta, watau Kiristofa Ren. Madalla, ilmi ne. Amma in aka tambayi yaro wane ne ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya, sai ya sunkuyar da kai, alhali kuwa masana gini na duniya suna lissafa wannan masallaci cikin mafi kyawun abin da aka taɓa ginawa da ƙasa a Afirka ta Yamma. Dalilin shirun nan ba ɓoyayye ba ne. Mun taso muna ganin ginin ƙasa alamar talauci ne, siminti da kwano su ne alamar ci gaba. Ina so in nuna muku abin da aka gina a cikin wannan masallaci, ku sake shawara.

Wanda ya sa, da wanda ya gina

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804. A 1808 Malam Musa ya ci Zariya, Sarki Makau ya fita ya nufi kudu. Bayan Malam Musa sai Yamusa, bayan Yamusa sai Abdulkarimu, wanda ya yi sarautar Zazzau daga 1834 zuwa 1846. A zamaninsa ne aka gina masallacin, kusa da ƙofar fada. Maginin kuwa shi ne Malam Mika'ilu, wanda a ke kuma kira Muhammadu Durugu, amma sunan da ya bi shi har ya rufe sauran shi ne Babban Gwani. Har wa yau akwai unguwa a cikin birnin mai wannan suna.

To, ku dubi irin tsaka mai wuyar da maginin nan ya sami kansa a ciki. Ga sabuwar daula tana bukatar masallacin da zai nuna ƙarfinta, wanda baƙo zai shiga ya san ya zo babban gari. Ga kuma malamai, waɗanda su ne tushen daular, ba su son alfahari da ƙyale-ƙyale. Surar mai rai ba ta shiga masallaci, malaman fiƙihun Malikiyya kuma sun karhanta ƙawata alƙibla da abin da zai ɗauke hankalin mai salla. Watau an ce masa ya yi abin mamaki, an kuma ce kada ya shagaltar da kowa. Ƙaramin magini sai ya zaɓi ɗaya ya saki ɗaya. Babban Gwani ya riƙe duka biyu, yadda ya yi ya riƙe su kuwa shi ne abin da mu ke nema.

Daga waje

Kafin gyaran da aka yi a shekarun 1970, wanda ya nufo masallacin ba ya ganin wani abin ɗaukar ido. Katanga ce ta kewaye haraba, da zaurukan shiga inda a ke alwala, da ɗakin shari'a a jikinsa, sa'an nan ɗakin salla da bangonsa mai kauri a gindi yana tsukewa a sama, da tulluwoyi marasa tsawo a bisansa. Babu doguwar hasumiya irin ta Gobarau a Katsina ko ta Agadas. Duk dukiyar ginin a ciki aka ajiye ta. Wannan kuwa ɗabi'a ce da Bahaushe ya sani, domin mutumin kirki ba ya shanya arzikinsa a bakin hanya. Mai shiga ya kan baro hasken rana mai ƙuna, ya bi ta zaure, ya ratsa haraba, ya tuɓe takalmi, sa'an nan ya faɗa cikin sanyi da duhu-duhu. Sai idonsa ya huce tukuna, ginshiƙai su fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, bakuna su taso daga jikinsu su haɗu can sama da kansa.

Yadda bakan gizo ke tsayawa

Ba za ku gane adon ba sai kun gane abin da ke riƙe da rufin, sabo da haka ku yi haƙuri mu ɗan tsaya a nan.

Kayan aikin maginin ƙasar Hausa kaɗan ne. Akwai birji, jar ƙasa, wadda a ke jiƙawa a tattake ta da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa. Da ita a ke mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana, a jera shi tsaye a cike tsakaninsa da kwaɓi. Akwai azara, watau itacen giginya da aka tsattsaga, wadda gara ba ta cika damunta ba. Akwai kuma abin da ke kare gini daga ruwa: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso wanda a ke haɗawa da katsi na marina, da gashin jima na majema, da ruwan dafara. Kun ga marini da majemi duk suna da hannu a rufin soro.

Amma azara tana da iyaka. In tazarar da aka ɗora ta a kai ta wuce kamar ƙafa 6, nauyin ƙasar rufi sai ya lanƙwasa ta. To, yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sahu-sahu na jama'a da itacen da bai iya tsallake ƙafa 6? Amsar ita ce bakan gizo. Magini ya kan kafa azara a jikin ginshiƙi ko bango, ta ɗan karkato ciki, ya ɗaure ta da igiya, ya danne gindinta da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wata a kanta, ta zarce ta farko, ta fi ta kwanciya. Haka zai yi ta yi daga wannan gefe, haka kuma daga wancan, hawa bisa hawa, har hannuwan nan biyu su gamu a tsakiya, a haɗe su da wata azarar, a yaɓe duka da ƙasa a fitar da lanƙwasa mai santsi. In baka biyu ko fiye suka gitta juna suka ɗauki tulluwa, shi ne ɗaurin guga, domin ya yi kama da yadda a ke gitta itace a bakin gugan rijiya.

Ku masu koyon lissafi da kimiyya, ku lura da abu guda. Bakan dutse irin na Rumawa da Turawa ba ya tsayawa sai an kafa masa makarin katako a ƙarƙashi, har ran da za a sa dutsen ƙarshe na tsakiya. Bakan gizo kuwa ko wane hannu nasa riƙe ya ke da kansa tun yana tafiya. Ƙasa tana jure danniya amma ba ta jure ja, azara tana jure ja da lanƙwasa, sai aka aurar da su. Wannan ita ce dabarar da injiniyoyi ke yi yau da siminti da rodi. Azara ɗaya ba ta tsallake ɗaki, amma tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Ado iri uku

Yanzu mu ɗaga kai mu duba. Adon wannan masallaci iri uku ne, kuma ko wane iri daga jikin aikin ya tsiro.

Na farko shi ne bakunan kansu. Babban Gwani bai ɓoye su ba, bai lulluɓe su da wani rufi na ƙarya ba. Ya bar su a fili kamar haƙarƙari, suna tasowa daga ginshiƙai da bango, a wasu wuraren bibbiyu a jere, suna gitta juna, suna raba sama gida-gida. In ka tsaya wuri ɗaya ka hangi tsawon ɗakin, sai ka ga baka a bayan baka, ko wane yana yi wa na bayansa ƙawanya. Ka matsa taku uku, tsarin duka ya sake. Abin da ya fi kome ƙawata ɗakin nan, shi ne kuma abin da ya riƙe rufin.

Na biyu shi ne zanen jikin ginshiƙai. Nan ne hannun gwanin ya fi fitowa. Za ka ga dogayen layuka masu zurfi sun miƙe daga ƙasa zuwa sama, da da'ira cikin da'ira, da murɗaɗɗen zane kamar gammo, da siffofi masu kusurwa uku. Manya ne, ba su da yawa, kuma an bar fili a tsakaninsu. Ku duba aikin da su ke yi. Ginshiƙin da zai ɗauki wannan nauyi tilas ya zama jibgege, in an bar shi haka kuwa sai ya yi kama da tarin ƙasa. Layukan tsaye su ne su ke rage masa ƙiba a ido, su ja kallonka sama har inda baka ya fara, daga nan bakan ya karɓe ka ya kai ka ƙololuwa. Da'irar kuma ita ke tsai da ido ya huta kafin ya ci gaba. Zanen yana nuna maka hanyar da nauyi ya biyo ya sauko ƙasa, kai kuwa kana bin ta kana hawa.

Me ya sa aka zurfafa zanen haka? Sabo da haske kaɗan ne a ciki. Ƙananan kafofi da ƙofofi ne kaɗai ke shigo da shi, kuma a kaikaice ya ke shigowa. Siririn zane irin na ƙwarya ko na sirdi, da an yi shi a nan, da ya ɓace cikin duhu. Zane mai zurfi kuwa ya kan kama haske a leɓensa ya tara inuwa a cikinsa, har a gan shi daga nesa. Da inuwa Babban Gwani ya yi fentinsa. Tun da rana tafiya ta ke yi, abin da mai sallar azahar ya gani dabam ne da abin da mai la'asar zai gani, ko da ya ke ginshiƙin bai motsa ba.

Ku tuna kuma da hannu a ke yin irin wannan zane, tun ƙasa tana da danshi. Mai ɗinkin riga in ya kuskure a aska takwas sai ya warware zare ya sake. Mai zayyanar allo in ya ɓata sai ya wanke. Magini kuwa yana tsere da bushewar ƙasa, ga shi a kan tsani, ba ya kuma iya ja da baya ya hangi aikin duka sai ya sauko. Wanda zai fitar da da'ira mai faɗi daidai a wannan hali, lalle tsarin ya zauna a kansa tun kafin ya taɓa bangon.

Na uku shi ne jerin azara a tsakanin bakuna. Dole ne a jera ta, domin ita ke ɗaukar ƙasar rufi. Amma tun da gajera ce, sai a gitta ta daga kusurwa zuwa kusurwa a rage tazara, wannan sashe ta fuskanci nan, wancan ta fuskanci can, har abin ya fito kamar saƙar tabarma. Gajartar itacen, wadda ita ce aibinsa, ita ta haifi ƙawar.

Kun ga yadda ya warware matsalar da aka ɗora masa. Ɗakin yana da kwarjini, sarki ya sami abin da ya nema. Babu kuma wani abu guda da ke kiran ido ya ce dube ni, malamai sun sami nasu. Mai salla yana jin girman wurin a jikinsa, hankalinsa kuwa yana kan sallarsa.

Gwaji da adon baya

Don ku ƙara ganewa, ku gwada shi da adon da ya yawaita a fuskar gidajen attajiran Zariya a shekarun 1950 da 1960, a birni da Tudun Wada. Nan za ka ga dagi, da takobi, da keke, har da mota, an cika bangon zaure da su tun daga dokin ƙofa har zanko, an shafa launi iri-iri. Ba na raina wannan aiki. Yana da fara'a, yana da ƙwarewa, kuma yana faɗin gaskiyar zamaninsa, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo hannun mutane. Amma aikinsa shela ne: mai gidan nan ya samu. In ka kankare keken da motar, zauren yana nan yadda ya ke, ba abin da ya ragu sai kwalliya. A masallacin Babban Gwani kuwa, ina za ka sa wuƙa ka ce nan ado ya ƙare, nan gini ya fara? Ka cire bakan, rufi ya faɗi. Ka cire jerin azara, tulluwa ta rufta. Adon gidajen nan riga ce aka sa wa bango, na masallacin kuwa ƙirar jiki ce. Wannan ma'auni ku riƙe shi, zai yi muku amfani a kan ko wane gini, har ma a kan rubutu, domin akwai marubucin da ke liƙa karin magana a jikin zancensa kamar yadda a ke liƙa keke a bango.

Inda ya gaza

Yabon gwani ya zama dole, amma mai auna abu ba maroƙi ba ne. Ginshiƙan nan masu kauri sun cinye wuri mai yawa, suna yanke sahu, suna kuma tsare wa na baya ganin liman. Duhun da ya ƙawata zanen bai taimaki mai son karatu a ciki ba. Ɗakin da ya ishi Zariya ta zamanin Abdulkarimu bai iya ɗaukar jama'ar da ta ninka ta sake ninkawa ba. Babban aibin kuwa shi ne na ko wane ginin ƙasa: ba ya yafe sakaci. In aka bar indararo ya toshe, ko laso ya tsage ba a gyara ba kafin damina, ruwa ya sami hanya ya kai ga azara, to aikin shekara ɗari sai ya lalace a shekara biyu. Ginin ƙasa kamar doki ne, kullum yana son mai kula. Da ya tsaya fiye da shekara 130 a ƙarƙashin ruwan Zazzau, shaida ce ga maginin, shaida ce kuma ga waɗanda suka yi ta yaɓe shi bayansa, waɗanda ba a rubuta sunansu ba.

Abin da ya same shi

A shekarun 1970 aka sake ginin masallacin da siminti don ya ɗauki jama'a. Aka rushe wasu sassa, aka bar wani sashe na tsohon ɗakin salla a cikin sabon gini, kamar ƙwai a cikin kwando. Waɗanda suka tsaya aka bar wannan sashe sun cancanci godiya, domin a garuruwa da yawa rushe tsohon aka yi ɗungurungum. Duk da haka an yi hasara. Tulluwoyin suka daina ganin sararin sama, tafiyar nan daga rana zuwa zaure zuwa inuwa ta yanke, hasken da aka auna zurfin zanen dominsa kuma ya sake.

Abin da ya rage mana sanin cikakkiyar siffarsa shi ne awo. Wani masanin gini mutumin ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, shi da mataimakansa 'yan Nijeriya, sun bi ƙasar nan suna auna tsofaffin gine-gine suna zana su a takarda. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i 3 ya fito a 1990. Ta dalilin aikinsa aka gina kwatankwacin masallacin Zariya a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ku 'yan makarantun mishan da na gwamnati da ke wajen Filato, wannan yana kusa da ku, kuma kowa yana iya zuwa ya gani, ko wane addini ya ke bi. Gani ya kori ji.

Masu ba da labari suna cewa Babban Gwani shi kaɗai ya kan yi aikinsa, da dare. Suna kuma cewa bayan Zariya ya gina wani masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani irinsa. Larabawa ma suna da labari kamar wannan a kan Sinimmar, wanda ya gina wa Sarki Nu'umanu fadar Hawarnaƙ, aka jefo shi daga bisanta, har sakayyarsa ta zama karin magana a wurinsu. Irin wannan labari yana nuna yadda mutanen dā suka ɗauki gwaninta: abu ne mai tsada har sarakuna na kishi a kansa. Mu kuwa ba mu kashe gwanayenmu da takobi. Mu kan daina ba su aiki ne kawai, ɗan magini ya ga sana'ar ubansa ba ta ciyar da shi ya koma buga bulo, ilmin bakan gizo ya bi tsofaffi kabari.

Abin da na ke roƙonku

A cikinku akwai waɗanda za su zama injiniyoyi, da masu tsara gari, da hakimai, da shugabannin ma'aikatu. Wata rana za a kawo takarda gabanku a ce ga wani tsohon soro ya tsare hanya, ku sa hannu a rushe. Ran nan abin da idonku ya koya yau shi zai yi hukunci.

Sabo da haka in an yi hutu, kowa ya nemi tsohon gini a garinsu, ko masallaci ne, ko soron hakimi, ko ƙofar gari, ko tsohuwar majami'a ta ƙasa. Ya nemi izini wurin masu kula da shi, ya tuɓe takalmi inda a ke tuɓewa, ya shiga da ladabi. Ya ɗauki fensir da takarda da igiyar awo. Ya auna kaurin bango da tazarar ginshiƙai, ya ƙirga bakuna, ya zana zanen da ya gani, ya rubuta ta ina haske ke shigowa da safe da kuma da yamma. In akwai tsohon magini a unguwar, ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi sunan ko wane sashe, ya rubuta da Hausa yadda ya faɗa. Sa'an nan ya yi wa ginin tambayar da muka yi wa na Babban Gwani: wannan ado, riga ce ko ƙirar jiki? Wanda ya yi haka ya kawo wa malaminsa, a karanta a aji, a ajiye a makaranta.

Allah ya ji ƙan Babban Gwani da sauran magina da suka riga mu, ya ba ku idon ganin abin da suka bari. Haza wasalam.